A Kumasi aka yanke mini cibiya

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, na ba shekara tamanin baya, fataucin goro na yi har ƙarfi ya ƙare. Jikana ne ke rubutawa, ni ina faɗa. A Kano nake zaune, a nan na yi aure, a nan na aurar, amma a Zongon Kumasi aka haife ni a 1945, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yanzu. Abin da ya raba mu da can shi nake so in bayar da labarinsa, domin yaran yanzu in an ce an kori wani daga ƙasa saboda siyasa, sai su ɗauka wani Bature ne ko ɗan leƙen asiri. Mu dai da muka gani, limamai ne da fatake da masu unguwa.

Kakana Ba'agale ne daga Bebeji. Ya bi ayarin Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da turkuɗi da jar fata, su dawo da goro. Ya yi gida a Salaga, sai yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, fatake suka fashe, shi ya gangara Kete Karaci inda Alhaji Umaru, babban malamin nan, ya zauna. A can aka haifi Baba, kuma a lokacin Jamusawa ke riƙe da Karaci. Ku riƙe wannan, zai dawo. Da Ingilishi suka ci Tonawa, wato mutanen Asante, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, harkar goro ta juya: a loda a jirgin ƙasa zuwa Sakunde, a sa a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a hau da shi Kano. Kakana ya bi kasuwa ya dawo Kumasi da iyalinsa, ya roƙi fili, ya gina gidan da aka haife ni a ciki.

A zamanin ba wanda ya san fasfo. Sulen da za ka kashe a Kurmi ta Kano shi za ka kashe a Kejetiya ta Kumasi, kwabo mai huji ɗaya ne, sarkin da ke jikin kuɗin ɗaya ne. Da aka fara zaɓe, mutumin Nijeriya da ke zaune a Gwalkwas yana jefa ƙuri'a kamar kowa, tunda duk talakawan Ingila ne. Ba wanda ya ce mana siyasar ƙasar ba tamu ba ce. 'Yan siyasar ne ma ke sallama a zaurukanmu, su cire takalmi, su zauna a tabarma suna neman albarka.

A 1954 Kumasi ta kama da wuta. Gwamnatin Nkrumah ta tsayar da kuɗin koko a sule 72 kowane kaya, manoman Asante suka ce an cuce su, aka kafa jam'iyyar NLM ƙarƙashin Baffour Akoto, mai magana da yawun Sarkin Asante. Mu 'yan Matemeho muke ce musu. Musulmi kuma suna da tasu, MAP, kuma Sarkin Zongonmu Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan suna cikin jagororinta a Kumasi. MAP ta haɗa kai da Matemeho. Baba ya sha gaya mana dalilinsa, kuma ba wani dogon ilimi ba ne: ƙasar da gidanmu yake kai ta Sarkin Asante ce, goron da muke ci da shi a dajin Tonawa yake, kuma rumfunan kasuwa da lasin duk 'yan CPP, jam'iyyar Nkrumah, da ke majalisar gari sun fara rabawa nasu. Ba duk Zongo ke tare da mu ba. Akwai ɓangaren Malam Mutawakilu da ke bin CPP, da samari da yawa, da wasu ƙabilun da suka gaji da manyan masu gida Hausawa. Rigimar ta shiga har masallaci.

Baba ladani ne a masallacin layinmu, Allah ya ba shi murya. Don haka shi ake sa wa a motar lasifika yana shela da Hausa, ni kuwa ina bin motar a guje da sauran yara. Ba zan ce ɓangarenmu waliyyai ba ne. An yi jifa, an fasa kawuna, an ƙona gidaje, kuma 'yan CPP da dama sai da suka gudu daga Kumasi suka koma Ankara, babban birnin ƙasar, don tsira da rai. Amma Baba bai taɓa ɗaukar ko sanda ba, makogwaronsa kaɗai ya ba jam'iyya. A zaɓen Yulin 1956 CPP ta ci kujera 71 cikin 104. MAP kujera ɗaya tak ta samu, a Kumasi, amma a ƙasar Asante 'yan hamayya ne suka yi rinjaye, kuma kowa ya san ƙuri'ar Zongo na cikin abin da ya ba su.

Ranar 6 ga Maris 1957 aka ba da mulkin kai. Mun yi murna, an ba 'yan makaranta tuta, Mma ta dafa shinkafa da wake ta raba. Wata biyar ba su cika ba majalisa ta yi dokar kora, wadda ta ba gwamnati ikon fitar da duk wanda ba ɗan ƙasa ba in ta ga zamansa ba alheri ba ne ga jama'a. Cikin na farko da ta hau kansu akwai ɗan jarida Bankole Timothy, mutumin Saliyo da ke rubutu a Daily Graphic, sai Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan.

Alhazan biyu suka kai ƙara kotun Kumasi, suka ce su 'yan Ghana ne, ba a korar mutum daga ƙasarsa. Ranakun zaman kotu Zongo kan tashi gaba ɗaya, a rufe rumfuna, a tafi a tsaya a rana. Muna jiran alƙali ya faɗi nasa, sai cikin watan Agusta majalisa ta sake zama a Ankara ta yi wata doka dabam, an rubuta sunayen mutum biyun nan a kanta, ta ce a fitar da su ko 'yan ƙasa ne ko ba 'yan ƙasa ba, kuma shari'ar ta mutu a inda take. Aka sa su a jirgin sama zuwa Nijeriya. Ina da shekara goma sha biyu, amma ko a lokacin na gane an yi wani abu da bai dace ba, saboda yadda manya suka yi shiru. Dokar da aka rubuta wa mutum biyu da sunansu ai hukunci ne aka yanke, sai dai ba alƙali ya yanke ba. Lauyan da ya zo daga Ingila kan wata shari'a da ta biyo bayan wannan, Christopher Shawcross, shi ma aka hana shi sake shigowa. A ƙarshen shekarar aka haramta duk jam'iyyar da ta tsayu kan addini ko ƙabila ko yanki, MAP ta narke cikin United Party ta Dakta Busia. Sarautar Zongo kuwa ta koma hannun Malam Mutawakilu.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1958 aka fitar da Wahabi Balogun da wasu mutum uku alhali ƙararsu na gaban kotu. Alƙali ya ce minista da shugaban 'yan sanda sun raina kotu, majalisa ta yi wata dokar ta wanke su. Waɗannan su ne waɗanda jarida ta buga. Ƙananan da aka ɗauka daga Zongo zuwa Zongo, iyalansu kaɗai suka san lissafinsu.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne abin da korar maigida ɗaya ke yi wa unguwa. Harkar goro a kan amana take tafiya. Maigida shi ke saukar da baƙi, shi ke tsaya wa mai saye a ba shi bashi, shi ke riƙe da kuɗin wanda ya tafi sai baɗi. Kuma goro ba ya jira: kullum sai an kwance huhu, an tsince wanda sankara ta taɓa, an sake ganye, an yayyafa ruwa. Wani maigida da ke bayan layinmu aka ɗauke shi da asuba, ya bar ɗaki cike da huhuna. Kafin a daidaita wa ke da me, rabin goron ya tashi daga aiki, masu bin bashi sun cika zaure, waɗanda ake bi kuwa sun ɓace. Matansa, da a da ba a ganin ko ƙafarsu a waje, suka koma sayar da koko da ƙosai a bakin titi.

A cikin shekarar aka aiko wa Baba takarda ya je ofishin 'yan sanda. Wani maƙwabcinmu ne ya kai sunansa, mutumin da ya daɗe yana son rumfarmu. Ni na raka shi, ina riƙe da butarsa. Sajan ɗin da ya yi masa tambaya da Hausa ya yi, domin a lokacin Hausa ce harshen bariki a can.

“Malam, ina aka haife ka?”

“Karaci, ranka ya daɗe.”

“Ina takarda?”

“Bajamushe bai ba ni takarda ba. Amma Karaci ai Ghana ce yanzu.”

“Ubanka fa?”

“Bebeji, ƙasar Kano.”

Sajan ya rubuta, ya ɗago kai ya ce, “To, Malam, kai ka san inda jirgi zai sauke ka.”

Gaskiyar Baba ce, Karaci ta shigo Ghana tare da Togon Ingilishi bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956. Amma wa zai shaida haihuwar da aka yi shekara hamsin baya a ɗakin kara? Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, mai kai ƙarar shi ma ubansa Bakatsine ne, shi ma ba shi da takarda. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, saboda katin da ke aljihunsa mai jan zakara ne, alamar CPP. Asali ɗaya, unguwa ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, amma ɗaya ɗan ƙasa, ɗaya baƙo, kuma abin da ya raba su shi ne akwatin da kowa ya jefa wa ƙuri'a.

Wani dattijo mai faɗa a ji a ɗaya ɓangaren, wanda suka yi karatun allo tare da Baba, shi ya shiga tsakani. Sharaɗi biyu: ya bar lasifika, ya yanki kati. Ya yanka. Mma ta sa katin a ƙasan adaka, ba a fito da shi sai in za a sabunta. Daga ranar ban sake jin Baba ya ambaci sunan wata jam'iyya ba, ko a ɗaka. In baƙo ya ɗauko zancen a zaure, sai ya ce, “Ɗan nan, kawo wa baƙo ruwa,” ya juya maganar zuwa farashin marsa. Su 'yan ƙasar da ba a iya korarsu, an yi musu tasu dokar a 1958, ta tsare mutum har shekara biyar ba shari'a. Da ita aka kama Baffour Akoto, kuma a kurkukun Nsawam Dakta Danquah, jigon 'yan hamayya, ya mutu a 1965.

Da soja suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairun 1966, yana kan hanyar Hanoi, aka ba korarru izinin dawowa. Alhaji Amadu Baba ya dawo Kumasi aka mayar masa da sarautarsa. Ranar Baba ya ciro katin nan daga adaka ya ba Mma ta hura wuta da shi. Murya ta dawo masa. Da aka buɗe siyasa a 1969, Busia ya fito da Progress Party, Baba ya ce ga namu ya zo, mutumin da muka sha wuya tare, shi ma ya yi gudun hijira, ya san zafinta. Ya bi gida gida yana roƙon ƙuri'a. A watan Agusta jam'iyyar ta ci kujera 105 cikin 140.

Ranar 18 ga Nuwamba, muna cikin azumi, rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama an ba shi mako biyu, ko ya samo ko ya fita. Baba ya ce ba da mu ake ba. Aka ce aikin yi ya yi ƙaranci, baƙi sun cinye kasuwa, baƙi ne ɓarayi. Ƙidayar 1960 ta nuna cikin mutum ɗari sha biyu baƙi ne, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin takardar zama da idonsu ba, don ba wanda ya taɓa nema a wurinsu. Kafin ka sami izinin sai ka kawo fasfo, fasfo kuwa sai ka je ofishin jakadancin Nijeriya a Ankara, inda mutane ke kwana a layi, ga Nijeriyar kanta tana cikin yaƙin basasa. In ka karɓi fasfon kuma ka sa hannu da kanka cewa kai baƙo ne.

Baba ya sa babbar riga ya je wurin wani ɗan siyasa da ya yi wa yawon neman ƙuri'a. Mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya kira shi Papa, sannan ya tambaye shi inda aka haife shi, da takarda, da inda aka haifi ubansa. Ya dawo bai yi buɗa-baki ba sai da ruwa. Samari suka fara zagaya kasuwa suna nuna rumfuna, wannan tawa ce in sun tafi. Mma ce ta yanke magana. Ta ce, “Malam, da a ɗauke ka a bar ni da yara, gara mu tafi da ƙafarmu.” Yayata da ke auren Badagombe ta zauna. Gidan da kakana ya gina aka sayar a kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, mai sayen ma ya biya rabi ya ce zai aiko da saura.

Ta arewa muka bi a bayan babbar mota, mu da Zabarmawa da Mosawa da wasu Yarbawan Ogbomosho da suka ce hanyar Aflawo ta cushe. Muka haye ruwa a Yeji, muka ratsa Salaga, Baba ya nuna mana wajen da ya ji an ce gidan ubansa yake, ba komai sai ciyawa. Tamale, Bolga, muka shiga Volta ta Sama, Burkina Faso ta yanzu. A kowace iyaka sai an sauke kaya an caje, abin da ya yi wa mai cajin kyau ya zama nasa. Wata tsohuwa ta rasu kafin Fadan Gurma, muka yi mata sutura a gefen hanya, Baba ya yi mata salla. A Yamai ba a gama gada ba tukuna, a jirgin fito muka haye Kwara. Dosso, Dogon Dutse, Ƙonni, Maraɗi, Jibiya, Katsina. A hanya muka ga watan Salla.

Dangi a Bebeji sun karɓe mu da mutunci, ba zan ci amanarsu ba, amma gonar kakana an raba ta tun kafin a haifi Baba. Muka kama haya a Fagge. A nan na gane ashe mu 'yan Ghana ne. Hausarmu abin dariya ce, ba ma raba mace da namiji, in na ce “Mma ya zo” sai yara su bi ni suna maimaitawa. Ni dai saurayi ne, na gyara harshena, na kama ɗaukar huhu a kasuwar goro har na zama dillali. Baba bai gyaru ba. Ba masallacin da ya ba shi ladanci, kowane yana da nasa. Ya rasu a 1973, shekarar fari, Allah ya jiƙansa.

Kafin rasuwarsa ya kan ce, ranar da aka ɗauke Sarkin Zongo, rabin unguwa sun ce ai su suka ja wa kansu, wa ya aike su siyasa. Shekara goma sha biyu bayan haka mota ɗaya muka hau da masu faɗin hakan, har da maƙwabcin nan namu mai katin zakara, yana zaune a kan buhunsa yana kallon ƙasa. Ni ban ce ƙasa ba ta da ikon gaya wa baƙo ya tsame hannunsa daga siyasarta ba. Tana da shi. Amma a faɗa masa tun ranar da ya shigo, a kuma faɗa wa na gwamnati da na hamayya daidai. Abin da na gani shi ne ana cin ƙuri'arka muddin tana da amfani, ranar da ta juya sai a tuna da kakanka.

Na ɗauka halin Ghana ne, sai Janairun 1980. Lokacin ina kai goro Maiduguri, kuma ina garin aka wayi gari an ɗauke Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ɗan GNPP ta Waziri Ibrahim, aka tsallaka da shi Chadi, ƙasar da ake yaƙi a cikinta. Ministan cikin gida na gwamnatin NPN, Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu, hujjar ita ce uban Shugaba mutumin Bagarmi ne ta ƙasar Chadi. Mutumin da jama'a suka zaɓa wata shida da suka wuce, hukumar zaɓe ta tantance shi, ya yi rantsuwa! A tasha na ji wani direba na cewa ai dama Bachade ne. Na tambaye shi ina aka haifi kakansa, ya ce shi bai ma san sunansa ba.

A nan dai Nijeriya ta yi abin da Ghana ba ta yi ba. Gwamna Muhammadu Goni da jam'iyyarsa suka tsaya, aka kai ƙara babbar kotun Maiduguri, aka kawo shaidu cewa mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, kuma tsarin mulkin 1979 ya ce ɗaya daga iyaye ko kakanni ya isa. Kotu ta ce ɗan Nijeriya ne, ta soke korar, ta sa a biya shi diyyar naira 350,000. Gwamnatin tarayya ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Ba wanda ya ruga majalisa ya rubuta doka da sunansa. Sai dai Shugaba yana da gwamna da jam'iyya da manyan lauyoyi a bayansa. Patrick Wilmot, ɗan Jamaikan da ya shekara goma sha takwas yana koyarwa a jami'ar Zariya, da ya matsa wa gwamnatin soja da suka a 1988, ɗaukarsa aka yi aka sa a jirgin Landan ba tare da ya ga alƙali ba. Na 1983 kuwa, da aka ba 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya mako biyu su bar Nijeriya, ban fita kallo ba. Wasu suna ce mini an rama mana. Malaman makaranta da teloli da masu gyaran takalmin da na ga suna ɗaure kaya a Sabon Gari, yawancinsu suna firamare lokacin da aka kore mu.

Bayan an dawo mulkin farar hula a 1999, babban ɗana ya ce zai nemi kansila a mazaɓarmu. Na hana shi, uwarsa ta goya masa baya, aka fi ƙarfina. Haifaffen Kano ne, uwarsa Bakanuwa, bai taɓa taka Kumasi ba, Turancin Ghana ma bai iya kwaikwayo ba. Ana saura kwanaki a tsayar da ɗan takara, abokin hamayyarsa a cikin jam'iyya ya rubuta takardar koke cewa ubansa ɗan Ghana ne. Sai da na ɗauki mota na je Bebeji na ɗauko dattawa biyu da suka san gidan kakana, ɗaya ma sai da aka riƙe shi ya hau matakala. Suka zauna gaban kwamiti suka jero sunaye har kaka na huɗu. Kwamiti ya ce ya gamsu, ya yi watsi da koken, sannan ya ba wancan takarar ta hanyar sasanci. Ɗana ya koma shagonsa, kuɗin motar dattawan ma ni na biya.